Yagewar da Yatsa Ba Ya Ji

Goggo kowa yake ce mata a shagon, har mai shagon da ke biyanta. Shagon yana saman wani bene ne a bayan layin masu sayar da takalma, kuma matakalarsa irin miƙaƙƙiyar nan ce da sai mutum ya tsaya a tsakiya ya huta, ko yana so ko ba ya so. A ciki akwai kekunan ɗinki a jere, da teloli mata waɗanda bakinsu ya fi ƙafarsu gudu, da dogon teburin yanka. Can ƙurya kuma kujerar Goggo ce da ɗan teburinta, da marafen gwangwani cike da duwatsun ado, wasu ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba.

Aikinta ke nan tun tana budurwa, ɗinka dutse a jikin tufa, ɗaya bayan ɗaya. A zamanin da ta koya, layi layi ne, fure fure ne, in na dama ya ɗara na hagu da dutse guda sai a warware a sake. Da allurar nan ta yi jinyar miji har ya rasu. Da ita ta raini 'ya'ya har kowa ya kama gabansa, saura Auta da ke aure a ɗaya gefen garin. Allura ta cinye mata wuya, ta ranƙwafar mata da baya, ta bar mata kanta mai tauri a babban yatsan dama, kuma har yau in ta tashi da safe sai ta ɗan zauna a bakin gado tana lallashin kafaɗunta kafin su yarda su motsa.

Sai kuma zamani ya zo da nasa salon. Kai jama'a! A sayo yadi sabo fil, mai kauri, lafiyayye, a shimfiɗa shi a tebur a hau shi da sampefa da burushin ƙarfe da reza, a yayyafa masa bilic, har sai ya koma kamar abin da aka tsinto a bola. Sannan a kawo wa Goggo ta bi bakin kowace yagewa da duwatsu masu ƙyalli da siririn leshi. Wai abin da 'yan mata ke so ke nan. Mai shagon, wadda ita ce ke zana komai da hannunta, ta ce kyan abin yana wurin da kaushi ya haɗu da laushi. Goggo ta ji, ta taɓe baki, ta ɗauki allurarta. Ita dai ta gaji da mamakin duniya.

Mai ɓata yadin wani dattijo ne da ake kira Ɓarnau, kuma ba a shagon ya samo sunan ba. Wanki da guga ya yi shekara da shekaru, kuma babu gidan da ya yi wa aiki bai bar musu tabon dutsen guga a riga ba. An kore shi a nan, an kore shi a can, har ya saba. Ranar da mai shagon ta ɗauke shi ta ce aikinsa shi ne ya lalata kaya, sai da ya sa ta maimaita.

"Ranki ya daɗe, in lalata kuma a biya ni?"

"A biya ka, Baba."

"To ai da tuni na gina gida," in ji shi.

Wurin aikinsa barandar baya ce, saboda ƙurar yadi da warin bilic. Daga can ake jiyo ƙarar gogarsa da tarinsa, wani lokaci ba ka bambance su.

To akwai abin da Goggo ke ɓoyewa, kuma ta daɗe tana ɓoye shi. Idonta ne. Ba makanta ba ce irin wadda ake gani a gane. Tana ganin ƙofa, tana ganin mota in ta taho, tana gane mutum ta tafiyarsa da muryarsa. Tsakiyar ganin ce ta tafi. Duk abin da ta kafa wa ido shi ne yake ɓacewa, sai wani tabo toka-toka ya zauna a kansa, gefe da gefe kuma tana gani dishi-dishi. Ta je asibiti ita kaɗai ba wanda ya sani. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, can ciki ne abin ya gaji, tabarau ma ba zai yi komai ba. Ta yi masa godiya ta koma bakin aikinta.

Ba kora take tsoro ba kawai. Auta take tsoro. Yarinyar nan ta daɗe tana naci, ta gyara ɗaki guda a gidanta, ta sa katifa da labule, kullum maganar ke nan: "Inna, ki dawo wurinmu ki huta." Mijin Autar kuma mutumin kirki ne, abin da ya fi ƙona wa Goggo rai ke nan, don ba ta da abin da za ta kafa hujja da shi. Amma ta san irin zaman. A kawo maka abinci a kan lokaci, a yi maka sannu, kowa ya fita harkarsa ya bar ka da rediyo, ka wuni kana jiran ƙarar ƙofa. Ɗakinta guda ne, rufinsa yana yoyo a kusurwa ɗaya, amma mabuɗin yana jakarta, kuma in ta ga dama ta kwana ba ta yi shara ba babu mai tambaya. Bayan doguwar rigima suka tsaya a magana ɗaya ita da Auta: muddin tana aiki, za a ƙyale ta. Ranar da aiki ya gagare ta, ta tattara ta taho. Goggo ce ma ta faɗi hakan da bakinta, a lokacin da take ganin ramin allura tar.

Ɓarnau ne ya fara ganewa. Wata rana ya shigo da kayan da ya gama yagawa, ya tsaya a kanta, ya ga tana jera baƙaƙen duwatsu a inda aka ce a sa kore. Ya ajiye kayan ya fita. Washegari da ta iso, ta tarar an jera mata marafen gwangwanin a layi, an kuma soke allurai da yawa a jikin wani guntun soso, kowace da zarenta a zure.

"Fari ne a hagunki," ya ce ƙasa-ƙasa, yana yi kamar yana neman almakashi. "Sai ruwan zinariya, sai kore, baƙi ne a ƙarshe. Kada ki bari kowa ya taɓa."

"Wa ya ce maka ina buƙata?"

"Ba wanda ya ce. Hannuna ne ke ƙaiƙayi."

"Tsohon banza," ta ce.

"Na gode, tsohuwar kirki."

Daga nan suka samo hanyarsu, ba tare da sun taɓa zama sun tsara ta ba. In Ɓarnau ya yaga yadi, sai ya murza bakin yagewar da yatsa ya bar shi da ɗan tudu. Inda mai shagon ta zana cewa a cika duwatsu, sai ya ƙara goge wurin ya yi kaushi sosai. Inda leshi zai bi, sai ya zare zare guda daga jikin yadin, ya bar siririyar hanya. Goggo kuma ta shimfiɗa hannun hagu tana lalube, na dama yana bin sa da allura. Kanta a sunkuye kamar mai kallo, alhali yatsu ne ke yin komai. In dutse ya ɗan kauce, wa zai sani? Abin da aka yi shi don ya zama a hargitse, ina ruwansa da layi. Mai shagon ma sai ta riƙa ɗaga aikin tana nuna wa baƙi, tana cewa dubi yadda Goggo ke barin dutsen ya karkace da gangan, wannan ba a koyar da shi. Goggo ta yi murmushi kawai. A ranta kuwa kunya take ji, da wani abu mai kama da godiya ga wannan shirmen yayin da ta raina, don shi ya rufa mata asiri.

Haka suka yi ta tafiya, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Tabon idon yana faɗi, tarin Ɓarnau yana ƙara zurfi.

Mai shagon ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Ita ma a gajiye take. Masu saye sun dame ta da ƙorafi, wai yagewar gaske ba ta tsayawa inda aka bar ta, wanki biyu sai ta ƙara buɗewa duwatsun su zube. Maƙwabtan bene suna ƙorafin wari. Ga tarin dattijon nan da ke hana ta sukuni. Sai ta samo wasu masu injin buga zane a yadi. Ta ɗauki hoton yage-yagen Ɓarnau da ƙone-ƙonensa, ta gyara a kwamfuta, aka buga mata su a kan yadi mai santsi. Ta kira shi ta yi masa bayani a hankali, ta sallame shi da mutunci, ta ce ya je ya nemi magani.

Da zai tafi ya biyo ta ƙuryar Goggo, burushinsa da sampefarsa a cikin leda.

"Ki gaya wa mai shagon," ya ce.

"In gaya mata me?"

"Haba Goggo."

"Ka tafi ka yi tarinka a gida, Malam. Ni na san abin da nake yi."

Ba ta san komai ba, wallahi. Ta dai faɗa ne.

Ranar da sabon yadin ya iso, teloli suka bar kekuna suka taru a teburin yanka suna ta salati. Wannan ta ce sai ka rantse a yage yake, waccan ta ce dubi zarurrukan da suka fito, har inuwarsu an buga. Mai shagon ta yanko gaban riga guda ta kawo wa Goggo, tana ta fara'a.

"Goggo, ga na gwaji. Yadda kika saba, ki bi bakin yagewar, ki cika nan wajen ƙunar."

Goggo ta karɓa, ta shimfiɗa a tebur, ta ɗora hannun hagu. Ta shafa daga sama zuwa ƙasa. Ta shafa daga gefe zuwa gefe. Sumul. Babu tudu, babu kaushi, babu ko zare ɗaya da ya ɗago kai. Ta karkata kai tana leƙen yadin da gefen ido yadda kaza ke yi, ta hango wani duhu-duhu a can, amma da ta juyo da allura sai tabon idonta ya zauna a kai. Ta so ta kira ɗaya daga cikin telolin ta yi mata ɗan ɗinkin alama, amma ina, mai keken farko maƙwabciyar Auta ce, kafin la'asar labari ya isa. Sai ta wuni tana jujjuya marafe, ta ce wa mai shagon yadin baƙo ne, a bar ta ta tafi da shi gida hannunta ya saba da shi.

Ranar hutu da hantsi ta nemi gidan Ɓarnau. Ɗaki ne a bayan wani garejin gyaran mota, wurin ɗansa. Ta same shi a kan benci yana shan iska, ya rame, amma bakin yana nan.

"A'a! Yau tsohuwa ce a gidanmu? Ko aurena kika zo nema?"

"Wa zai kwashi tari? Karɓi nan ka gani."

Ya warware yadin a cinyarsa. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai yagewata ce," ya ce. "Na gane ta. A ranar reza ce ta kuɓuce mini. Ga shi har kuskuren sun buga." Ya shafa, ya sake shafawa, ya yi tsaki. "Ba komai a wurin. Fenti ne."

"Shi ya sa na zo. Ka yi mini hanya."

Da tela ne, da sai ya ɗauki allura ya bi zanen da dogon ɗinki, yatsa ya samu abin bi. Amma Ɓarnau bai taɓa ɗinka ko maɓalli ba. Zura zare ya iya, sai ɓarna. Abin da hannunsa ya sani shi ya yi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko sampefa mafi laushi, ya naɗe ta a yatsa, ya ce zai ɗan taɓa bakin zanen ne kawai, kaɗan, yadda za ta ji. Ya goga sau ɗaya. Ya ƙara. Sai ta ji ya tsaya.

"Mene ne?"

"Goggo... kalar a sama kawai take."

"Ban gane ba."

"Ta goge. Wurin ya yi fari fat. Yadin kuma ya tattare, ba shi da jiki, ba irin namu ba ne."

Ta miƙa hannu ta taɓa. Ga kaushin nan kuwa, ɗan wuri kamar faɗin babban yatsa, abu na farko da ta ji a jikin yadin nan. Ta rasa kuka za ta yi ko me, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba daɗi a cikinta. Shi ma ya kama, tari ya sarƙe shi, sai da ta bubbuga masa baya.

"Sunanka dai bai faɗi ƙasa ba," ta ce.

"Ki ce ni ne. Ki ce na ƙwace na ɓata. Me za ta yi mini, ta sake korata?"

"In ce na kai maka don me?"

Ya karɓi alluranta ya zura mata zare a guda uku, ya gwada nuna mata da baki inda zanen ya bi: daga farin tabon ki yi sama kaɗan, ki karkata dama, ki sauko. Ta ce to. Ta naɗe yadin ta kama hanya.

Ta yi aikin a ɗakinta da sauran hasken ranar. Farin tabon ta rufe shi ruf da duwatsu, wannan kam yatsa ya ji shi. Sauran kuwa da ƙiyasi ta bi, sama kaɗan, dama, ƙasa, tana ɗinki tana addu'a. Wuyanta ya riƙe, bayanta ya ƙage, ba ta tsaya ba. Da ta gama ta shafa, a hannu dai ya yi kyau. Har ta ɗan sa rai.

Washegari ta hau matakalar, ta huta a tsakiya, ta ƙarasa. Mai shagon ta karɓi aikin da murna ta shimfiɗa a teburin yanka. Sai murnar ta tsaya. Goggo ba ta ganin fuskarta, amma ta ji shirun. Keke ɗaya ya daina ƙara, sai na biyu.

"Goggo, zo mana."

Ta zo.

"Wannan layin duwatsun, me yake bi?"

"Yagewar."

"Ɗora mini yatsanki a kan yagewar."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ne da ya fi sauƙi. Goggo ta karkata kai, ta hango duhu-duhun, ta juyo, ya ɓace. Ta ɗaga yatsa ta dire shi inda zuciyarta ta ba ta. Wata daga cikin telolin ta ja numfashi. Mai shagon ta kama yatsan a hankali, ta ja shi gefe, ta yi ta ja, kusan tsawon tafin hannu, sannan ta ajiye.

"Nan take, Goggo."

"To."

"Tun yaushe?"

Goggo ta nemi ƙarya ta rasa. Ta gaji, gajiyar da ba ta wuya ba ce ko ta baya. "Duk wanda kika ɗaga kina nuna wa baƙi, a haka na yi shi," ta ce. "Ɓarnau ke yi mini hanya."

Mai shagon ta zauna a bakin tebur. Muryarta ta canza. Ta ce don me ba a gaya mata ba, ta ce za a san yadda za a yi, wata ta riƙa yi mata ɗinkin alama, ko kuma ta riƙa zuwa kawai tana zama, kujerarta tana nan ba mai taɓawa.

"Wa zai bar kekensa ya yi mini alama a riga ɗari, 'yar nan? Wa zai ware mini kala, ya zura mini zare? Mutum biyu a aikin mutum ɗaya." Ta girgiza kai. "Zama kuwa, in dai zama ne, akwai inda ake jirana da shi."

Ta juya wajen keken farko, inda maƙwabciyar Auta take. Ta san ko ba ta kira ba, kafin ta sauka daga benen nan labari ya riga ta. Gara ya fito daga bakinta. Ta laluba jaka ta ciro waya ta miƙa wa matar.

"Kira mini ita."

Aka kira, aka sa mata a kunne. Muryar Auta ta fito da sauri, a tsorace, don Inna ba ta kira a lokacin aiki.

"Inna? Lafiya?"

"Lafiya lau. Auta, ɗakin nan da kike ta magana..."

"Yana nan, Inna. Ko jiya na share shi."

"Tagarsa ina take kallo? Haske yana shiga da safe?"

Bakinta ne ya yi tambayar da kansa, tambayar da ta yi a kan kowane ɗaki da ta taɓa kamawa tun da ta fara riƙe allura. Auta ta fara bayani, wai gabas take kallo amma akwai katangar maƙwabta, in ana so sai a canza mata da na yara. Goggo ta saurara kaɗan, sannan ta katse ta.

"Bar shi, uwata. Ko ina ta kalla, duk ɗaya ne. Ki zo ki tafi da ni."